Wuri Guda a Motar Yamai

Ni da taubashiyata aji ɗaya muka yi tun daga lakwal, wato firamaren ƙauyenmu, har zuwa kolej a Filinge. Ɗiyar kawuna ce, wan mahaifiyata, saboda haka tun muna ƙanana take kirana bawanta. Al'ada ta ba ni damar in rama, amma ban taɓa iyawa ba. Kafin in harhaɗa amsa guda ta faɗi maganarta ta wuce, ta bar ni da tawa a baki. A Filinge gidan wata ƴar'uwar iyayenmu muka sauka, bayan kasuwar dabbobi, ita a ɗakin ƴan mata, ni a zaure da littattafaina. Ni nake zuwa na ɗaya kusan kowace jarrabawa. Ita tana can tsakiyar aji, kuma abin bai taɓa hana ta barci ba.

Kakarmu, wadda ta haifi uwata da ubanta, ita ke riƙe da ɗakin iskoki a ƙauyenmu na Kurfai. Mutanenmu da yawa suna salla, wasu suna salla suna kuma zuwa wasan iskoki, ita dai kaka ba ta taɓa ɓoye abin da ta gada ba. Mahaifina ɗan gidan malamai ne. Bai hana ni kallo ba, amma ya hana ni shiga fili. Lokacin da taubashiyata ta yi wata doguwar rashin lafiya muna yara, kaka ta ce iskokin gida ne ke son ta, aka yi mata girka, wato aka shigar da ita bori, ta warke. Daga nan ƙofar ɗakin nan ta buɗe mata. Sukan shiga su biyu su daɗe, ina jin muryarsu ƙasa-ƙasa da ƙamshin turare, ni ina zaune a gindin rumbu ina jiran su fito. Ba wai ina son iska ta hau ni ba ne, tsoron abin nake yi. Abin da nake so shi ne kaka ta taɓa kirana ciki, ko da in ce a'a.

A wurinmu, macen da iska ke hawa goɗiya ake ce mata, namiji kuma doki. Idan iskar ta sauka, goɗiya takan yi atishawa, a lulluɓe ta da zane, a ba ta ruwa, ta tashi ba ta san abin da ya faru ba. Kuma ba a gaya mata. Duk garin ya gani, ya ji muryar da ta fito daga bakinta, ya ga yadda ta faɗi da yadda ta yi birgima, amma ba wanda zai ce mata kin yi kaza. Saƙon da iska ta bayar na wanda aka ba ne, shi da kaka. Yaron da ya kwaikwayi goɗiya a gabanta, uwarsa ce za ta fara dukansa kafin kowa. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan, na tashi ne na tarar da shi haka.

Shekarar da muke ajin ƙarshe, bayan an kai hatsi rumbu, aka yi wasa, muka je gida ƙarshen mako. Da la'asar ne, a ƙarƙashin gawon bakin gari. Mai goge ya ja, masu ƙwarya suka amsa, ba a daɗe ba iska ta hau taubashiyata. Na sha ganin haka, ban ga wani sabon abu ba a ranar. Abin da ban lura da shi ba shi ne wani saurayi daga ƙauyen maƙwabta, wanda ya dawo ci-rani daga bakin teku da sabuwar waya, yana tsaye bayan mata ya ɗaga hannu. Daga baya ya rantse wa kawu cewa abokansa da ke can kawai ya tura wa, don suna kewar gida. Na yarda da shi. Sai dai kafin mu cika mako da komawa Filinge, bidiyon ya zagayo daga waya zuwa waya ya iso kolej ɗinmu, har wani ya cire sautin goge ya ɗora masa kiɗan rawa.

Ina zaune ƙarƙashin dogon yaro lokacin shan iska, ina bitar darasin tarihi, na hango ƴan mata sun yi cincirindo. Wata ta miƙa wa taubashiyata waya tana dariya. Ita ta ɗauka bidiyon biki ne, ta karɓa tana dariyar ita ma. Na ga lokacin da dariyar ta tsaya. Ba ta jefar da wayar ba, ta kalla har ƙarshe, ta mayar wa mai ita, ta ɗauki jakarta ta fita daga makaranta tsakiyar rana.

Kwanaki ta yi ba ta zo aji ba. Ba ta cin abinci sosai, ba ta tsokanar kowa, in ta wuce ta zaure sai ta kawar da kai. Ta daina duba madubi, ƴan matan ɗakinsu suka gaya mini. Na ji tausayinta ƙwarai, har na kwafe mata darussan da ta rasa da rubutuna mafi kyau, na ajiye a bakin ƙofarsu.

Da ta dawo, wasu suka riƙa yin atishawar ƙarya in ta wuce. Wasu samari masu ɗage wando suka ce kada a ci abinci kwano ɗaya da ita. Ta jure, sannu a hankali bakinta ya dawo, ta fara mayar musu. Wani ya ce mata ƴar bori, ta ce masa, "To mi ka hana ka matsowa? Ko kana tsoron in hwaɗi abin da ka ɓoye ƙarƙashin katiharka?" Aka kwashe da dariya, bai sake ba.

A nan ne tausayina ya fara gauraya da wani abu. Duk Filinge ta san ta. Mai shayin bakin tasha yana gaishe ta, ƴan kabu-kabu suna rage mata hanya, matan kasuwa suna kiran ta su tambaye ta lafiyar kakarta, wasu ma a asirce su ce ta kai musu gaisuwa ɗakin iskoki. Malaman da ba su taɓa koyar da mu ba sun san sunanta. Ni shekarata ta huɗu ke nan ina na ɗaya, amma mai gadin kolej har lokacin yakan tsayar da ni ya tambaye ni ajin da nake. Na san abin da ya same ta ba abin so ba ne, na ga ramar da ta yi. Duk da haka in muna tafiya tare aka kira ta daga tsallaken titi, sai in ƙara sauri.

Cikin watannin sanyi dirakte, shugaban kolej ɗinmu, ya shigo ajinmu ya ce za a yi baƙi daga Yamai, babban birni. Ana shirin wata doka ta kare sirrin yara da matasa a intanet, masu shirya ta kuma suna son jin bakin yaran da kansu, har na karkara. Za su saurare mu, sannan su zaɓi ɗalibi guda daga kolej ɗinmu ya je Yamai ya yi magana a gaban waɗanda za su rubuta dokar. Ya liƙa bayanin a jikin ƙofar ofishinsa.

Ban taɓa zuwa Yamai ba. Na san ta a littafi da bakin malamai: kogi, gada, jami'a, da shagunan da ba a sayar da komai a cikinsu sai littattafai. Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai, don a Filinge duk littafin da ya shigo hannuna sai da ya bi ta hannu da yawa, wani ma ba shi da shafin ƙarshe. Tun da dirakte ya rufe baki na ga kaina a motar Yamai, gefen taga.

Na tsaya a ƙofar ofis na kwafe bayanin duka, na nemi ma'anar kalmomin da ban sani ba a ƙamus. Abin da ake so a sa a dokar a bayyane yake: kada a saka hoto ko bidiyon yaro a intanet sai da yardarsa da ta iyayensa, wanda aka saka nasa ya sami hanyar neman a cire, masu manhajoji kuma kada su riƙa tara bayanan yara. Na zauna na yi tunani a kan yadda hakan zai yiwu a wurinmu. Na rubuta cewa a gidajenmu waya guda ce ke yawo hannun mutum da yawa, da sunan uba ko wa aka yi rajistarta, to ta yaya za a san yaro ne ke riƙe da ita? Na rubuta cewa da yawa cikinmu ba mu da takardar haihuwa ta gaskiya, an ƙiyasta mana shekaru ne ranar da za a sa mu lakwal. Na rubuta cewa uban da za a nemi yardarsa sau da yawa yana ci-rani, uwar kuma ba ta karatu. Na sake kwafewa har sai da babu gogewa ko ɗaya a shafukan. Taubashiyata ta leƙo zaure ta same ni a kai.

"Bawana, wa ya mutu kake rubuta mishi wasiyya?"

"Na baƙin Yamai ne. Ke ba ki shirya komi?"

"In shirya mi? Ni miyar gidanga aka bar mini, kuka ta ƙare." Ta ɗauki bik ɗin da nake rubutu da shi ta soka a kitsonta ta tafi da shi.

Hankalina ya kwanta da na ji haka.

Baƙin suka zo su biyu, wata madam mai tabarau da wani mutum da bai cika magana ba. Aka tara mu a aji mafi girma. Da aka ce wa zai fara, dirakte ya nuna ni. Na tashi da takarduna, na karanta da Faransanci. Madam ta ce in ɗaga murya, na ɗaga, ta sake cewa in ɗaga. Da na gama ta ce aiki ne mai kyau ƙwarai, batun waya guda a gida ba wanda ya kawo musu shi a duk inda suka bi, ta karɓi takardun ta sa a jakarta. Na zauna kunnuwana suna zafi don daɗi.

Wasu suka yi magana bayana. Can sai madam ta ce ta ji labarin akwai wata ɗaliba a nan da abin ya taɓa shafa, in tana son magana bismilla, in ba ta so ba dole. Kowa ya juya. Taubashiyata ta miƙe, ta ce ita da Hausa za ta yi. Madam ta ce tana ji.

"Madam, kun ce sai an tambayi yaro kahin a ɗauke shi. To ni ranar nan wa za a tambaya? Ba ni nan. Jikina ne, amma ba ni nan." Wasu suka fara dariya, dirakte ya buga tebur. Ta ci gaba. "Kuma ni ba kallon mutane ya dame ni ba. A hili aka yi, garinmu duka sun gani, haka ake yi tun kahin a haihe ni. Ni ce bai kamata in gani ba. Garinmu ba a gaya ma goɗiya abin da ta yi, ko uwarta ba ta gaya mata. To ga shi an nuna mini. In dokarku ta ce a cire, a cire, na gode. Amma ku sa a ciki cewa akwai wurin da ba a ɗaga waya tun farko."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta zauna tana gyara ɗankwali. Ni idona yana kan hannun madam. Lokacin da nake karatu layi biyu ta rubuta, na gani, don ina tsaye kusa da ita. Yanzu kuwa ta cika shafi ta juya, ta yi tambaya, ta sake rubutu, mutumin da ba ya magana ma ya ciro nasa bik ɗin. Na yi mako ina goge jimla, ita da hannunta na warin daddawa ta zo. Kuma abin da ya fi ci mini rai, na san maganarta gaskiya ce, na san al'adar nan kamar yadda ta san ta, ina wurin aka yi komai, amma ko sau ɗaya bai zo mini in rubuta ba.

Washegari dirakte ya kira mu ofis mu biyu. Ya ce ita aka zaɓa. Sai dai akwai sharaɗi: baƙin suna son su nuna bidiyon a wurin taron, da fuskarta a rufe, don masu rubuta doka su ga abin da ake magana a kai, kuma ba za su yi ba sai da yardarta da ta iyayenta. Ya ce ni ɗan gida ne, kuma ba na ƙari ba na ragi a magana, in raka ta ƙauye in yi wa manya bayani. Har mun kai ƙofa ya ƙara da cewa, "In sun ƙi, kai ne na biyu."

Ranar kasuwa muka bi motar ƙauye. Duk hanya ina lissafi. Kaka ba za ta yarda a sake nuna abin nan ba, balle a gaban baƙi, a wani gari. Matar da ta ƙi yi wa saurayin nan mai waya magana tun ranar, ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Ba sai na karkata komai ba, in na faɗi gaskiya yadda take ta ishe ni.

Muka tarar da ita a inuwar ɗaki tana ɓarar gujiya, kawu yana gefe yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa na yi bayani dalla-dalla, dokar da taron da tafiyar. Da na zo kan nuna bidiyon na sassauta murya na faɗe shi a fili, na maimaita. Kawu ya ce shi abin da tsohuwa ta ce shi ke nan.

"Su wa za su kallo?" in ji kaka.

"Manya ne, kaka. Masu rubuta doka."

"Dariya za su yi?"

"Ban sani ba. Sun ce za su ruhe mata huska."

Kaka ta yi ƴar dariya ta watsa ɓawon gujiya gefe. "Su ruhe mi? Ai ba huskarta ba ce a lokacin." Ta juya ga taubashiyata. "Ke kina son zuwa?"

"Ina so, kaka."

"Don ki ga birni, ko don magana?"

"Duka biyu."

"Kin dai hwaɗi gaskiya. Taso."

Suka shiga ɗakin iskoki suka saki labule. Na zauna gindin rumbu. Kawu ya tambaye ni karatu, na amsa a gajarce, ya koma kan igiyarsa. Awaki suka zo suna cin ɓawon gujiya. Ina jin ƙamshin turare, ina roƙo a zuciyata a ce a'a, ban ma san wa nake roƙo ba, Allahn mahaifina ko mutanen ɗakin kaka. Na ga shagon littattafan nan a idona, har da yadda zan tsaya a bakin ƙofa in goge ƙafa kafin in shiga.

Da suka fito kaka ta zauna, ta jawo ƙwaryar gujiyarta, sannan ta dube ni.

"Ka gaya ma malaminku ta tahi. Ƴan banza sun kalla don wasa ba su tambaye ni ba. Waɗanga sun aiko tambaya, su kalla don aiki. Amma in za su kunna, ita ta hita waje, a ruhe ƙohwa, sai sun kashe a kira ta. Kuma kada wanda ya ce mata mun ga kaza. Ka riƙe?"

"Na riƙe."

"Maimaita in ji."

Na maimaita mata kalma bayan kalma. Ta ce madalla, ta ɗebo gujiya ta zuba mini a aljihu, ta ce na rame, karatun nan zai cinye ni.

A hanyar komawa muna bayan mota a kan buhunan wake, taubashiyata ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ka so ta hana, ko?"

Na ce, "Na so."

"Na sani. Tun da munka hito ɗaki huskarka kamar an cinye maka tuwo." Ta yi dariya, ta ɗebi gujiya daga aljihuna ba ta tambaya ba. "To bawana, sai ka koya mini yadda ake gaida manya da Faransanci, kada in je in ba ka kunya."

Na kai wa dirakte saƙon kaka yadda ta faɗa. Ya buga wa madam waya a gabana, ta amince nan take, har ta ce sharaɗin ya yi mata kyau. Ta kuma ce a gaya wa yaron nan mai takardu cewa rubutunsa yana cikin abin da za a raba wa mahalarta taron. Dirakte ya ce in yi murna. Na ce na gode. Takarduna za su shiga Yamai, taubashiyata za ta shiga Yamai.

Kowace yamma kafin tafiyar na zaunar da ita a zaure na koya mata gaisuwa da godiya da yadda za ta nemi a maimaita mata tambaya. Ina gyara mata furuci sau da yawa fiye da yadda ake bukata, ita kuma tana kwaikwayon muryata har ƴan gidan su fito kallo. Na roƙe ta abu guda, in ta ga shagon littattafai ta shiga ta gaya mini yadda cikinsa yake. Ta ce in ta sami lokaci, don an ce mata akwai wata kasuwa mai takalma masu kyau.

Ranar tafiya na ɗaukar mata jaka zuwa tasha da safe. An ba ta wuri gefen taga, ita da wata malama da za ta raka ta. Mai shayi ya miƙo mata burodi kyauta. Ban jira motar ta tashi ba, na ce zan makara, na wuce kolej.

Darasin lissafi muke lokacin da na ji hon ɗin motar Yamai daga bakin titi, ta wuce ta bayan katangar makaranta, ƙararta tana raguwa. Mushe, malaminmu na lissafi, ya rubuta tambaya a allo ya juyo yana duban aji. Na san amsar tun kafin ya ajiye alli. Ya tambaya, ya sake tambaya, ba wanda ya motsa. Na bar hannuna a kan tebur, har ya gaji ya juya ya warware ta da kansa.